WA KE BIYAN KUƊIN ƘARA? YADDA SUFETOCIN INGILA KE TANKAƊE KOKE-KOKEN IYAYEN YARA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zaman ajin firamare a ƙasar nan ya san ranar zuwan sufeto. Tun jajibiri ake share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, hedimasta ya yi ta kai da kawowa da rajista a hammata. Wannan al'ada kuwa gadon Ingila ce. A can aka fara naɗa sufetocin makarantu na Sarauniya cikin 1839, daga can kuma aka turo mana ita, har aka naɗa Rabaran Metcalfe Sunter sufeton makarantun Afirka ta Yamma cikin 1882. To, tun da yake daga hannunsu muka karɓa, ba laifi ba ne mu leƙa gidan masu abin mu ga yadda yake tafiya, musamman ta fuskar da ta fi damun iyaye. Watau idan mutum ya ga ana cutar ɗansa a makaranta, ya tashi ya kai ƙara, wa zai bincika, ta wace hanya, nawa kuma binciken zai ci?

Hukumar da ke duba makarantun Ingila yau ita ce wadda ake kira Ofsted. An kafa ta cikin 1992, zamanin Firayim Minista John Major, aka sa tsofaffin sufetocin Sarauniya a ƙarƙashinta. Ba minista ke ba ta umurnin yau da kullum ba, Majalisar Dokoki take yi wa bayani. Ikonta kuma bai wuce Ingila ba, domin Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace na da tata. Makarantun gwamnati da ke wuyanta sun kai wajen 22,000, ban da gidajen renon yara da kwalejoji da wani kashi na makarantun kuɗi.

MATAKALA KAFIN A ISA GA SUFETO

Abin da yawancin iyaye ba su sani ba sai sun shiga, shi ne Ofsted ba kotun sauraron ƙarar mutum ɗaya ba ce. Wanda aka zalunci ɗansa, wajibi ne ya fara da makarantar kanta. Dokar Ilmi ta 2002 ta tilasta wa kowace makarantar da ke hannun ƙaramar hukuma ta kasance da rubutaccen tsari na sauraron koke. Da farko a ga malamin aji, sa'an nan a rubuta wa shugaban makaranta, in abin ya faskara a je gaban kwamitin masu kula da makarantar. Makarantun da ake kira akademi, waɗanda ke karɓar kuɗinsu kai tsaye daga gwamnatin tsakiya, su ma haka, sai dai an shar'anta musu cewa masu sauraron ƙarar su kai uku, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama ba shi da hannu cikin tafiyar da makarantar.

Wannan shi ne bincike mafi araha ga baitulmali, domin babu sisin kwabo da aka keɓe dominsa. Amma fa ba kyauta ba ne. Lokacin shugaban makaranta yake ci, da na magatakarda, da na mutanen kwamiti waɗanda aikin sa kai suke yi, ba a biyansu albashi. Wani lokaci ma makarantar kan ɗauko mai bincike daga waje ko ta nemi shawarar lauya, kuɗin kuwa daga cikin abin da aka ware don alli da littattafai zai fito.

Idan mai ƙara bai gamsu ba, sai ya tasar wa Ma'aikatar Ilmi. A nan ne da yawa ke shan mamaki. Galibi Ma'aikatar ba ta sake buɗe maganar daga tushe. Abin da take dubawa shi ne ko makarantar ta bi ƙa'idojin da ta rubuta wa kanta, ko kuma ta karya wata doka. In ta ga an kauce, sai ta ce a koma a sake saurara. Watau uban da ya yi wata da watanni yana hawan matakala, mai yiwuwa ne a ƙarshe a miƙa shi ga mutanen nan da ya fara ƙara.

An taɓa gwada wata hanya dabam. Daga 2010 zuwa 2012 an ba Kwamishinan Sauraron Koke-koke na Ƙananan Hukumomi iko, a yankuna 14, ya binciki ƙarar da iyaye suka kai a kan abin da ke faruwa cikin makaranta, ya kuma ba da shawarar gyara. Dokar Ilmi ta 2011 ta soke wannan iko. Abin da ya rage a hannunsa yanzu su ne batutuwa kamar na ba yaro gurbi a makaranta da na yara masu bukata ta musamman, inda laifin ke komawa kan ƙaramar hukuma.

RARIYAR OFSTED

To, ina amfanin sufeto ke nan? Wata doka ta 2006 ta ba Babban Sufeto ikon duba ƙarar iyaye, amma da sharaɗi. Dole ƙarar ta shafi makarantar baki ɗaya, kamar a ce koyarwa ta lalace, ko shugabanci ya taɓarɓare, ko ana ɓarnar dukiya, ko an yi sakaci da lafiya da tarbiyyar yara. Korar yaro guda, ko hana shi gurbi, ko rigimar tanadin da aka yi wa yaro mai naƙasa, duk an cire su, an ce suna da nasu hanyoyin. Har ila yau ana sa ran mai ƙara ya riga ya gama da matakalar makaranta, ko da yake Babban Sufeto na iya ɗage wannan sharaɗi in ya ga abin ya yi tsanani.

Ƙarar da ta tsallake wannan rariya, binciken farko a kan tebur ake yin sa. Jami'i ya karanta takardu, ya duba rahoton da aka yi wa makarantar a baya, ya tuntuɓi ƙaramar hukuma, ya nemi bayani daga makarantar. Doka ma ta yarda a sa makarantar ta tara iyaye a yi taro, sufeto ya halarta. Mafi yawan lokaci ƙarshen maganar shi ne a ajiye takardar cikin fayil, a miƙa wa wanda zai jagoranci duba na gaba, ko da kuwa sai bayan shekara biyu ko uku zai je. In abin ya ɗan fi haka nauyi, sai a matso da ranar dubawar. In kuwa ya kai intaha, sai a yi amfani da sashe na 8 na Dokar Ilmi ta 2005, a tura sufetoci ba shiri, a buga wa makarantar waya suna dab da ƙofa. Idan suka tarar da ɓarna mai yawa, suna iya juya wannan ziyara ta zama cikakken duba irin na sashe na 5, wanda ke ƙarewa da rahoton da duniya za ta karanta.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ko a wannan ziyara ta ba-zata, ba a zo don a gano ko gaskiya ne an mari wane ranar kaza ba. An zo ne a ga ko tsarin makarantar na kare yara. Zancen cin zarafin yaro guda, Ofsted ba ta da ikon bincikensa, sai dai ta miƙa wa ƙaramar hukuma ko 'yan sanda. Malamin da ake zargi da mummunan hali kuma, wata hukuma ce dabam ke gurfanar da shi, wadda aka ɗora wa ladabtar da malamai tun cikin 2018.

Lissafin da hukumar ta bayar na shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 ya nuna ƙararraki 14,900 ne suka iso gare ta a kan makarantu, an samu ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan na shekarar da ta gabata. Waɗanda suka jawo aka tura sufeto nan take kuwa ba su kai 100 ba.

Makarantun kuɗi hanyarsu dabam ce. Ma'aikatar Ilmi ce ke riƙe da rajistarsu, ita ce kuma ke karɓar ƙara, sa'an nan in ta ga dama ta umurci Ofsted, ko kuwa ɗaya hukumar da ke duba manyan makarantun kuɗi masu ƙungiya, ta kai ziyarar gaggawa. Irin waɗannan makarantu da kansu suke biyan kuɗin duba su da aka saba yi, saɓanin na gwamnati. Sai kuma makarantun ɓoye, waɗanda ba su yi rajista ba sam. A dokar Ingila, wanda ya tara yara biyar ko fiye da suka isa shiga makaranta, yana ba su karatu na cikakken lokaci ba tare da rajista ba, ya aikata laifi. Cikin 2016 aka kafa wata runduna ta musamman a Ofsted don farautarsu, Ma'aikatar Ilmi ta ba ta wajen fam miliyan ɗaya a shekara. Wannan bincike ya fi kama da na 'yan sanda, ga ɗaukar lokaci, ga wahalar tara shaida. Sai cikin Oktoba 2018 aka fara samun wani da laifi a kotu, a kan wata cibiya da ke Southall a yammacin Landan.

MAGANAR KUƊI

Me ya sa rariyar ta yi wannan matsi? Amsar na cikin jaka. Cikin 2018 Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗin Gwamnati ya fitar da rahoto a kan Ofsted. Ya ƙiyasta cewa a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018 an kashe fam miliyan 44 wajen duba makarantun gwamnati, an yi duba 6,079, kowane ɗaya ya tashi a kan wajen fam 7,200 in an raba daidai. Ya ƙara da cewa in aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, abin da ake kashewa ya ragu da kashi 52 cikin ɗari a kan na shekarar 1999 zuwa 2000.

Bari mu yi wani ɗan lissafi na kanmu, ko da yake shekarun ba ɗaya ba ne, farashi kuma ya tashi tun daga lokacin. Da a ce kowace ƙara cikin 14,900 ɗin nan za ta jawo a tura sufeto a kan fam 7,200, da kuɗin ya haura fam miliyan 107, watau fiye da ninki biyu na duk abin da aka kashe wajen duba makarantun gwamnati a waccan shekara. Ba wata hukuma da za ta iya wannan. Saboda haka tankaɗe ya zama dole, ni ma ban ga laifin tankaɗen ba. Inda nake da ja shi ne, sunan da hukumar ta yi ya fi ƙarfin ikon da doka ta ba ta. Uwa ta ga sunan Ofsted rataye a ƙofar makaranta, ta ɗauka ita ce alƙali, ta zauna ta rubuta shafi huɗu, a amsa mata cewa an ajiye cikin fayil.

Tsumulmular nan ta haifar da wani abu kuma. Daga 2012 zuwa 2020 an yafe wa makarantun da aka ba shaidar fitacciya duban da aka saba yi, don a tara ƙarfi a kan raunana. Rahoton nan na 2018 ya samu makarantu 1,620 da suka shekara shida ko fiye ba a leƙa su ba, 296 daga cikinsu ma shekara goma ko fiye. A irin waɗannan makarantu, in ba sakamakon jarrabawa ya faɗi ba, kusan ƙarar iyaye ce kaɗai ƙararrawar da za ta iya kiran sufeto, ga ta kuwa an ɗaure mata harshe da sharuɗɗa.

WASIƘAR DA BA TA DA MAI ITA

Amma akwai ƙarar da ba ta bi matakala ba, ba ta ratsa rariya ba, ta kuma tayar da gwamnati tsaye. Cikin Nuwamba 2013 wata wasiƙa marar sa hannu ta isa majalisar birnin Birmingham. Wai ta fito ne daga wani mai shirya maƙarƙashiyar yadda wasu Musulmi masu tsattsauran ra'ayi za su ƙwace makarantun gwamnati ta hanyar cika kwamitocinsu da korar shugabanninsu. An laƙaba wa shirin suna Dokin Troy, daga labarin nan na Girkawa da suka ɓoye mayaƙa cikin dokin katako. Jaridu suka buga cikin Maris 2014, gari ya ɗauka.

Nan da nan bincike ya hau kan bincike. Ofsted, a ƙarƙashin Sir Michael Wilshaw, ta duba makarantu 21. Ministan Ilmi Michael Gove ya naɗa Peter Clarke, tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan Landan, zaɓen da shi kansa shugaban 'yan sandan yankin ya fito fili ya kushe. Majalisar birni ta naɗa nata mai bincike, Ian Kershaw. Hukumar da ke raba wa akademi kuɗi ita ma ta yi nata. Cikin Yuni 2014 Ofsted ta jefa makarantu biyar cikin jerin waɗanda suka gaza, har da Park View, wadda ita dai Ofsted ɗin ta ba shaidar fitacciya cikin 2012.

A yi adalci, ba a kan wasiƙar kaɗai aka tsaya ba. Bayan ta fito, majalisar birnin ta karɓi koke fiye da 200, akwai kuma malamai da shugabannin makarantu da suka ba da shaidar an matsa musu lamba. Clarke ya ce bai ga shaidar ta'addanci ko cusa wa yara tarzoma ba, amma ya ga haɗin baki don shigar da wata tsattsaurar aƙida cikin wasu makarantu. Waɗanda aka zarga sun musanta, suka ce ƙoƙarinsu shi ne ɗaga karatun 'ya'yan talakawan unguwarsu. Cikin Maris 2015 kwamitin ilmi na Majalisar Dokoki ya ce ban da wani abu guda da ya faru, ba a sami shaidar tsattsauran ra'ayi ba. Ya soki yadda binciken suka yi ta hawa kan juna ba tsari, ya kuma tambayi yadda makaranta za ta tashi daga fitacciya zuwa gazawa cikin shekara biyu a hannun hukuma ɗaya. Ita kuwa wasiƙar, mutane da yawa sun ɗauke ta a kan jabu ce, har yau kuma hukuma ba ta tabbatar da wanda ya rubuta ta ba.

Ƙarshen tafiyar ya fi komai tsada. An gurfanar da manyan malamai biyar gaban kwamitin ladabtarwa, aka fara zama cikin 2015. Cikin Mayu 2017 kwamitin ya yi watsi da shari'ar dungum, bayan da ta bayyana cewa lauyoyin masu gabatar da ƙara ba su miƙa wa ɗaya ɓangaren bayanan da shaidu suka yi wa Clarke ba. Kafofin labaran Ingila sun ruwaito cewa kuɗin lauyoyin wannan shari'a guda ya zarce fam 800,000, watau kuɗin duba makaranta fiye da 100. Aka tashi ba a wanke waɗanda aka zarga ba, ba a kuma gamsar da waɗanda suka ba da shaida ba.

IN MAI BINCIKE NE AKA YI ƘARA FA?

Akwai kashi na ƙarshe, wanda shi ne ya fi girgiza hukumar cikin 'yan shekarun nan, watau ƙarar da makaranta ke kaiwa a kan su sufetocin. Shekara da shekaru tsarin shi ne Ofsted ta binciki kanta hawa-hawa, sa'an nan a je wurin wani mai sasantawa na waje. Shi wannan mai sasantawa yana iya duba ko an bi ƙa'ida wajen sauraron ƙarar, yana iya ba da shawara, amma ba ya iya canza hukuncin da sufeto ya yanke. Mai son a soke rahoto sai ya nufi Babbar Kotu, hanyar da ƙaramar makaranta ba ta da ƙarfin bi.

Makarantar Durand da ke kudancin Landan ta gwada. Cikin Agusta 2017 Babbar Kotu ta ba ta gaskiya, ta ce tsarin da ya hana makarantar da aka yanke wa hukunci mafi muni ƙalubalantar ainihin hukuncin ba adalci ba ne, ta soke rahoton. Ofsted ta ɗaukaka ƙara, cikin Disamba 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya maganar, ta ba hukumar gaskiya. Kuɗin jama'a ne aka yi ta zubawa ta kowane ɓangare.

Sai kuma abin da ya faru a garin Reading. Cikin Nuwamba 2022 sufetoci suka duba makarantar firamare ta Caversham, wadda ta daɗe da shaidar fitacciya. Suka yaba mata a kusan kowane fanni, amma saboda kurakuran da suka gani a tsarin kare lafiyar yara, kalma ɗaya ta gazawa ta hau kan makarantar duka. Aka gaya wa shugabar, Ruth Perry, aka kuma ja mata kunne a kan yaɗa sakamakon kafin a buga. Cikin Janairu 2023, rahoton bai fito ba tukuna, ta kashe kanta. Da aka koma cikin Yuni na shekarar, sai aka ba makarantar shaidar mai kyau. Cikin Disamba 2023 jami'ar binciken musabbabin mutuwa, Heidi Connor, ta yanke cewa duban da aka yi na daga cikin abubuwan da suka jawo rasuwar, ta kuma aika wa Ofsted da Ma'aikatar Ilmi gargaɗin cewa in ba a gyara ba ana iya sake samun irinta.

Sabon Babban Sufeto, Sir Martyn Oliver, ya kama aiki cikin Janairu 2024, ya fara da dakatar da ziyarce-ziyarce na ɗan lokaci don a horar da sufetoci a kan lura da halin da malamai ke ciki. Cikin Afrilu aka rage hawa ɗaya daga tsarin ƙara, aka bar makaranta ta wuce kai tsaye zuwa ga mai sasantawa na waje. An kuma buɗe layin wayar da shugaban makaranta zai iya kira tun ana cikin duba. Cikin Satumba 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya a makarantun gwamnati. Daga Nuwamba 2025 kuma aka koma ba kowace makaranta katin sakamako, inda ake auna fannoni dabam-dabam a kan ma'auni mai hawa biyar, batun kare lafiyar yara kuwa aka ware shi gefe, ko an cika ko ba a cika ba.

Ƙungiyoyin malamai da 'yan uwan marigayiyar sun ce gyaran bai kai ba. Babban abin da suka daɗe suna nema shi ne a samu wata hukuma wadda ba ta cikin Ofsted, mai ikon sauraron ƙara ta kuma warware hukuncin sufeto in ya karkace. Kwamitin ilmi na Majalisar Dokoki ma ya nemi a duba yiwuwar haka cikin rahotonsa na Janairu 2024. Gyaran da aka yi cikin Afrilu na shekarar bai ba mai sasantawa wannan iko ba.